Wasiyyi

Daga Larabci muka aro kalmar nan, ita da 'yar'uwarta wasiyya. A can, wasiyya ta ƙunshi umarni da gargaɗi, shi ya sa liman kan yi wa jama'a wasiyya da tsoron Allah a huɗuba. Amma a bakin Bahaushe ta fi karkata ga kalaman ƙarshe na mai barin duniya. Wasiyyi kuwa shi ne wanda mamaci ya damƙa wa amanar zartar da su.

A Ashige, kamar sauran garuruwan ƙasar Lafiya, sau da yawa babban wa ne ake kira wasiyyi, ko da mahaifi bai ambaci sunansa ba. Nan ma'anar ta zame. Sai ka ga yaya ya riƙe takardun gida, yana karɓar kuɗin haya, har yana cinikin gidan, ƙanne mata na zuba ido. Wannan aikin mai gida ne, wasiyyi bai kai nan ba.

A fiƙihun Malikiyya ikonsa taƙaitacce ne: ya biya bashin mamaci, ya cika wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, ya kula da rabon marayu. Muhtasar Halil ya hana shi sayar da kayan gado ba tare da halartar magaji baligi ba, ko ya raba a bayan wanda ba ya nan sai da alƙali. Gardama in ta yi tsami, tana iya kaiwa har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Lafiya.