Zanen Sitansil a Kewayen Old Kent Road: Daga Bango Zuwa Ƙyalle

Sitansil falle ne na kwali, roba ko ƙarfe da ake yanke siffa a jikinsa, a ɗora shi a kan abu, a fesa fenti, siffar ta fito ta kafofin. Asalinsa kayan aikin 'yan kasuwa ne da masu sana'a. Da shi ake buga lamba a akwatunan kaya da jikin motoci, haka kuma masu adire a Abeokuta kan shafa kullun rogo ta fallen ƙarfe kafin su tsoma zane cikin baba.

Shigarsa fasahar titi ta yi ƙarfi a Faris daga 1981, lokacin da Blek le Rat ya cika bangaye da hotunan ɓeraye. Dalilin karɓuwarsa sauri ne. Ana gama yankan a gida, aikin waje kuwa minti kaɗan ne, kafin 'yan sanda su iso.

Old Kent Road, a kudu maso gabashin Landan, tsohuwar hanya ce tun zamanin Rumawa, ta nan masu ziyarar ibada suke bi zuwa Canterbury a dā, yau kuma ta cika da shaguna da majami'un 'yan Afirka ta Yamma. Ta daɗe da sanin zanen bango. A tsakiyar shekarun 1960 Adam Kossowski, ɗan Foland, ya zana tarihin hanyar da tayil ɗin yumɓu a ginin North Peckham Civic Centre, aikin hukuma, mai cin lokaci, wanda aka yi don ya daɗe. Daura da hanyar, a Mandela Way, wata tankar yaƙi ƙirar T-34 ta zauna daga 1995 zuwa 2022, masu fenti na sake mata launi a kai a kai. A 2010 mai zanen titi Banksy ya fesa "Choose Your Weapon" a The Grange, cikin Bermondsey: saurayi da aka fitar da sitansil, riƙe da kare irin na zanen Keith Haring.

Bango ba ya riƙe amana, ruwa na wanke shi, hukuma na gogewa, shi ya sa masu zane suka koma ƙyalle mai kauri. A nan sitansil ya haɗu da guntun jarida da ake liƙawa, da fentin akirilik, da na feshi. Kowane launi da fallensa, galibi daga mai haske zuwa mai duhu, kuma sai na ƙasa ya bushe ake ɗora na sama. In fenti ya yi ruwa, sai ya kurɗa ƙarƙashin fallen ya ɓata baki.

Komawar ta canja farashi matuƙa.  Hoton yarinya da balan-balan, wanda Banksy ya fara fesawa a bangayen Landan, an sayar da shi a kan ƙyalle a Sotheby's a 2018 sama da fam miliyan 1, sannan a 2021, bayan injin da aka ɓoye cikin firam ɗin ya yayyanka rabinsa, ya haura fam miliyan 18.