Allura

Kalmar allura baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida. Asalinta Larabci ne, al-ibra, amma Bahaushe, bisa al'adarsa, ya haɗiye ta tare da alif da lam na ta'arifi, kamar yadda ya yi wa almakashi da aljihu, waɗanda duk a harkar ɗinki ake tarar da su.

A da, idan uwa a Jangeru ta aiki yaro kasuwar Shinkafi ya sayo allura, ba ta nufin kome face ɗan ƙarfen nan da za ta yi wa rigarsa faci, ko ta mayar da tsohon zanenta majanyin goyo, domin mace mai tattali ba ta jefar da ƙyalle matuƙar zare na iya riƙe shi. Da likitanci ya zo, sai sunan ya haura zuwa asibiti, aka sami allurar rigakafi, har ma maganin da ake ɗurawa ya ari sunan ƙarfen. Abin mamaki, yaron da ke ɗokin zura wa kakarsa zare a kafar allura, shi ne ke tserewa bayan ɗaki in an ce masu allura sun shigo gari.