Rantsuwar uba cikin fushi: abin da ya faru a gidan Sayyidina Abubakar



Akwai wata tambaya da ba a cika sati ba a kawo mana ita ba, galibi bayan sallar Asuba. Mutum zai jira sahu ya watse, sannan ya matso ya rage murya: "Malam, na rantse da Allah ba zan ƙara biya wa yaron nan kuɗin lakkol ba." Wani ya rantse ɗiyarsa ba za ta sake taka masa gida ba. Wata uwa ta aiko a tambaya mata, ta rantse ba ita ba ɗanta, saboda ya sayar da babur ɗin kabu-kabun da ta yi adashi ta saya masa. Yanzu zuciya ta huce, rantsuwa kuma ta tsaya a maƙogwaro. Hukuncin ba shi da wuya, za mu zo kansa. Abin da ya fi damun mu shi ne yawancinsu na zuwa da zaton uban kirki ba ya hasala, su kaɗai ne suka gaza. Shi ya sa muka ga ya dace mu leƙa gidan mafificin wannan al'umma bayan Annabinta, Sayyidina Abubakar Siddiƙu (RA).

Ƴaƴansa shida ne. Abdullahi da Asma'u uwarsu Ƙutaila, Abdurrahman da A'isha uwarsu Ummu Rumana, sai Muhammadu ɗan Asma'u bintu Umais, sai Ummu Kulsum wadda aka haifa bayan rasuwarsa. Gida ne mai nauyi ƙwarai. Malaman tarihi sun kawo cewa ya shiga Musulunci da dirhami 40,000, amma ranar hijira abin da ya rage masa wajen 5,000 ne, shi ma ya kwashe ya tafi da shi. Ya bar tsoho makaho, mahaifinsa Abu Ƙuhafa, wanda bai musulunta ba tukuna. Asma'u ce ta tara tsakuwa a inda ake ajiye kuɗi, ta rufe da ƙyalle, ta ɗora hannun kakanta a kai don hankalinsa ya kwanta. Abdurrahman kuwa ya ƙi addinin baki ɗaya. A yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan hijira, yana cikin rundunar Ƙuraishawa, ubansa na ɗaya ɓangaren. Sai wajen zamanin sulhun Hudaibiyya ya musulunta ya zo Madina, kusan shekara ashirin bayan musuluntar ubansa. Mai kukan ɗansa ya yi wata uku ba ya zuwa makarantar dare, to ya auna.

Shi kuwa Abubakar, duk da taushin zuciyarsa da saurin kukansa in yana karatu, yana da ɗan zafi. Sayyidina Umar da kansa ya ambaci haka a labarin Saƙifa, ya kuma ƙara da cewa a ranar Abubakar ya fi shi haƙuri da natsuwa. Ba muna kawo wannan don rage masa daraja ba ne, Allah ya tsare mu. Ƴaƴansa ne suka ba da labaran da bakinsu.

Na farko daga A'isha (RA) ne. A wata tafiya sarƙar wuyanta ta tsinke ta ɓace, Annabi (SAW) ya tsaya a nema, runduna duka ta tsaya, wurin ba ruwa, su ma ba su da shi. Sai mutane suka nufi Abubakar suna cewa bai ga abin da ɗiyarsa ta jawo ba? Ya zo ya same ta, Annabi na barci kansa bisa cinyarta, ya yi mata faɗa sosai, har yana zungurin ta a kwiɓi, ita kuwa ba damar motsi. Da gari ya waye aka saukar da ayar taimama, aka tashi raƙuminta sai ga sarƙar a ƙarƙashinsa. Usaidu ɗan Hudair ya ce wannan ba ita ce albarkar farko ta iyalan Abubakar ba. Ku lura da abin da ya tunzura shi. Sarƙa ba wani abu ba ce a wurinsa, maganar mutane ce ta yi masa nauyi. A ganinmu rabin dukan da ake yi wa yara a unguwanninmu na kunyar idon jama'a ne. An ce maka "ɗanka ne fa", kai kuma ka shigo gida da wutar.

Na biyu daga Abdurrahman ne, bayan ya musulunta, kuma yana cikin Bukhari da Muslim. Abubakar ya kawo baƙi uku daga talakawan Suffa, ya ce wa ɗansa ya ciyar da su kafin ya dawo, shi kuma ya wuce wurin Annabi (SAW) har dare ya yi. Aka kawo abinci, baƙi suka ce ba su ci sai mai gida ya zo. Abdurrahman ya roƙe su, don ya san abin da zai biyo baya, suka ƙi. Da ya ji shigowar ubansa sai ya ɓuya. Mutumin da ya riƙe makami a Badar ne fa ke ɓuya! Abubakar ya kira shi, shiru. Ya sake kira, ya jefe shi da wata kalma mai nufin dolo, ya haɗa shi da Allah ya fito. Ya fito ya ce a tambayi baƙin, suka ce gaskiyarsa, su suka ƙi. Sai Abubakar ya rantse ba zai ci abincin ba a daren. Baƙi su ma suka rantse ba su ci sai ya ci. Ga akushi a tsakiya, kowa ya ɗaure kansa da rantsuwa. Bai bari an kwana a haka ba. Ya ce waccan ta farko daga Shaiɗan take, ya sa hannu, ya yi bisimilla ya ci, kowa ya ci. Allah kuwa ya sa albarka, abincin ya yi ta ƙaruwa har ya fi yadda yake da farko, da safe aka kai wa Annabi.

Mafi nauyi a cikinsu ya riga wannan faruwa, mun jinkirta shi ne da gangan. Bayan yaƙin Banul Musɗaliƙ, shekara ta 5 ko ta 6 bisa saɓanin malamai, munafukai suka ƙaga wa A'isha ƙazafi, magana ta cika Madina, wahayi bai sauka a kai ba har wata guda. A wata ruwaya, ranar da ta ji labarin a gidan iyayenta Abubakar na saman ɗaki yana karatu, ya ji kukanta ya sauko, idanunsa suka cika da hawaye. Ranar da Annabi (SAW) ya zo ya yi mata magana, ta juya ta ce ubanta ya amsa mata, ya ce bai san abin da zai faɗa ba. Uwar ma haka. Uba ne da ya rasa ta cewa a gaban ɗiyarsa, kuma a wannan karon, da maganar mutane ta fi ta ranar sarƙa muni nesa ba kusa ba, ba a ji ya ɗaga mata murya ba.

Da ayoyi goma na Suratun Nur suka wanke ta, fushinsa ya koma kan Misɗahu ɗan Usasa. Misɗahu ɗan uwansa ne ta wajen uwa, talaka, muhajiri, ya halarci Badar, kuma Abubakar ke ciyar da shi, amma ya sa baki a ƙazafin. Ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba har abada. Wa zai ga laifinsa? Sai aya ta 22 ta wannan sura ta sauka, tana hana masu falala da wadata yin rantsuwar yanke wa dangi da miskinai da muhajirai alheri, tana kwaɗaitar da su gafarar Allah. Abubakar ya ce lallai yana son gafarar, ya mayar wa Misɗahu abin da yake ba shi, ya ce ba zai sake janyewa ba.

To ga hukuncin da muka yi alkawari. Wanda ya rantse da Allah zai yanke wa ɗansa ko ɗan uwansa wani alheri, abin da ake so ya karya rantsuwar ya yi kaffara, kamar yadda aya ta 89 ta Suratul Ma'ida ta tsara: ciyar da miskinai goma, a mazhabarmu mudun Annabi ga kowane, ko tufatar da su, ko ƴanta bawa. Wanda bai samu ko ɗaya ba ne kaɗai zai yi azumin kwana uku. Da yawa suna fara wa da azumi alhali akwai gero a rumbu, wannan kuskure ne. A'isha ta faɗa cewa mahaifinta ba ya karya rantsuwa sai da ayar kaffara ta sauka, daga nan in ya ga abin da ya fi, sai ya yi shi ya biya.

Ɗansa Abdullahi, wanda aka harba da kibiya a Ɗa'ifa, ya rasu a farkon halifancinsa. Shi kuma ya kwanta ciwon ajali a shekara ta 13 (634 Miladiyya), yana da shekara 63. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa ya taɓa yi wa A'isha kyautar dabino wusƙi 20 daga gonarsa ta Gaba, ba ta kai ga karɓa ba. Ya kira ta, ya fara da gaya mata ba wanda ya fi so ya bari cikin wadata kamarta, sannan ya ce tunda ba ta karɓa ba ya zama na magada, ta raba da ƴan uwanta maza biyu da mata biyu. Ta ce ai Asma'u kaɗai ce, wace ce ɗayar? Ya ce cikin da ke jikin matarsa Habiba bintu Harija, yana ganin mace ce. Aka haifi Ummu Kulsum. Abu Ƙuhafa, wanda ya musulunta ranar buɗe Makka, yana raye a lokacin. Ya gaji sudusin dukiyar ɗansa, ya mayar wa jikokinsa, ya rasu a Muharram na shekara ta 14. Allah ya ƙara musu yarda.