Nawa Ya Kamata Ƙungiyoyin NFL Su Zuba a Kan Masu Gudu da Ƙwallo?

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yawan kuɗin da ya dace ƙungiyoyin ƙwallon ƙafar Amurka na gasar NFL su kashe a kan ɗan wasan da ake miƙa wa ƙwallo ya ruga da ita. An nazarci manyan kwantiragin da aka ƙulla daga 2018 zuwa 2024. Binciken ya nuna cewa doguwar yarjejeniya mai tsada ba ta cika biyan kuɗinta ba, amma gajeriya takan yi riba idan ƙungiya ta riga ta gina sauran sassanta.

Gabatarwa

Tun 1994 NFL ta sanya iyaka ga jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya. A 2024 iyakar ta kai dala miliyan 255.4. Saboda haka duk dalar da aka ba mai gudu da ƙwallo an rage ta ne daga rabon mai jefa ƙwallo, ko masu cafewa, ko ƙartin layin gaba da ke buɗe hanya. Tambayar ita ce: kaso nawa ya cancanta?

Dabarun Bincike

An auna matsakaicin albashin shekara na kowace yarjejeniya da iyakar albashin shekarar da aka ƙulla ta, sannan aka bi diddigin abin da ɗan wasan ya yi bayan sa hannu.

Sakamakon Bincike

Akwai yarjejeniyoyi uku da kowacensu ta cinye kusan kashi 8 cikin ɗari na iyakar albashi. Los Angeles Rams ta ba Todd Gurley dala miliyan 57.5 a 2018, ciwon gwiwa ya rage masa kuzari, ta sallame shi a Maris 2020. Dallas Cowboys ta ba Ezekiel Elliott miliyan 90 na shekara shida a 2019, ta rabu da shi a 2023. Carolina Panthers ta ba Christian McCaffrey miliyan 64 a 2020, rauni ya hana shi yawancin wasannin kaka biyu, ta miƙa shi ga San Francisco 49ers a 2022. Babu ɗayansu da ya kammala wa'adinsa a ƙungiyar da ta biya shi.

Dalilai uku ne ke haddasa haka. Na farko, jiki. Babu gurbin da ke shan karo kamar wannan, kuma tsarin albashin sababbin 'yan wasa na 2011 ya sa ƙungiya tana cin moriyar shekarun ƙuruciyar mai gudu huɗu da araha. Lokacin da zai nemi babban kuɗi, ƙarfinsa ya fara ja baya. Na biyu, magaji ba ya wuyar samu. A ƙarƙashin Mike Shanahan, Denver Broncos ta samu fiye da yadi 1,000 a kaka daga Terrell Davis, wanda aka ɗauka a zagaye na shida na zaɓen sababbin 'yan wasa, sannan daga Olandis Gary, Mike Anderson, Clinton Portis da Reuben Droughns. Mutane sun canza, tsarin layin gaba bai canza ba. Haka Kansas City Chiefs ta ci Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, na kakar 2022 da Isiah Pacheco, ɗan zagaye na bakwai. Na uku, jifa ya fi gudu cin ƙasa: gudu ɗaya kan kawo yadi huɗu da 'yan kai, jifa ɗaya kuwa ya haura shida.

Sai dai kakar 2024 ta nuna cewa gwani ba a raina shi. Philadelphia Eagles ta ɗauki Saquon Barkley a kan dala miliyan 37.75 na shekara uku, wato kusan kashi 5 cikin ɗari na iyakar albashi a shekara. Ya ci yadi 2,005, ƙungiyar kuma ta lashe Super Bowl. Abin lura shi ne a 2023, a bayan raunannen layin New York Giants, matsakaicinsa yadi 3.9 ne a kowane gudu. A Philadelphia ya koma 5.8. Ɗan wasa ɗaya ne, abin da ke gabansa ne ya bambanta. Ruwa ba ya tsami banza. Baltimore Ravens ma ta samu yadi 1,921 daga Derrick Henry a kan miliyan 16 kacal na shekara biyu.

Kammalawa

Maƙalar ta ba da shawarar kada ƙungiyar da ke sake gini ta ɓatar da zaɓenta na sahun farko a wannan gurbi, kamar yadda Giants ta yi da zaɓi na biyu a 2018 da ta ɗauki Barkley. Ta fara da mai jefa ƙwallo da layin gaba, ta nemi masu gudu a zagayen tsakiya. Wadda ta riga ta tsaya da ƙafarta tana iya biyan gwani kusan kashi 5 cikin ɗari, na shekara biyu zuwa uku. Amma akwai haƙƙin da ya rataya a wuyan gasar da ƙungiyar 'yan wasa: tsarin da ke biyan mutum kaɗan a shekarun da ya fi ba da jikinsa, ya juya masa baya idan ya gaji, yana bukatar gyara, ko ta hanyar gajarta kwantiragin farko na wannan gurbi, ko ta ƙarin lada gwargwadon aikin da aka yi.