Tsargiya a Yara: Me Ya Sa Take Dawowa Bayan An Sha Magani?

Tsargiya cuta ce da wata tsutsa mai suna Schistosoma haematobium ke haddasawa. 'Ya'yan tsutsar suna fitowa daga jikin dodon koɗi, su huda fatar mutum yayin wanka, kamun kifi ko noman fadama. A yankin Birnin Gwari, inda ƙauyukan da ke kewayen dajin Kamuku suka dogara da rafuka, tafkuna da kogin Mariga, yara ne suka fi shiga ruwa. Babbar alamar cutar ita ce jini a ƙarshen fitsari.

Yadda jiki ke tuna cuta

Yaron da ya yi ƙyanda ba ya sake yin ta, domin garkuwar jikinsa ta riƙe kamannin ƙwayar cutar. Tsutsa ba haka take ba. Idan ta girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, takan lulluɓe kanta da sinadaran jikin mai ita, ta kuma sanyaya garkuwar jiki, har ta rayu shekara 3 zuwa 5 ko fiye. Don haka jiki yakan ɗauki shekaru kafin ya gane ta.

Wani bincike da aka yi a Gambiya, aka wallafa a 1991, ya nuna cewa masu yawan sinadarin kariya na IgE ba su cika sake kamuwa ba, masu yawan IgG4 kuwa sun fi sake kamuwa. IgE yana ƙaruwa ne a hankali yayin da mutum ke girma. Wannan na cikin dalilan da suka sa cutar ta fi tsanani tsakanin shekara 10 zuwa 15, sannan ta ragu. Kariyar ba cikakkiya ba ce, kuma har yanzu babu allurar rigakafin tsargiya.

Magani

Praziquantel yana kashe manyan tsutsotsi, amma ba ya kashe ƙananan da ba su girma ba, kuma ba ya hana sabon kamuwa. Idan jini ya dawo bayan watanni, ba lallai maganin ne bai yi aiki ba. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar raba maganin duk shekara, daga ɗan shekara 2 zuwa sama, a inda cutar ta kama kashi 10 cikin 100 ko fiye.

Shawara ga iyaye

- Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce. A kai yaro asibiti a gwada fitsarinsa.
- Kada a jira jiki ya saba da cutar. Kafin lokacin, ƙwayayen tsutsar na iya jawo ƙarancin jini, lalata mafitsara da ƙoda, har da sankarar mafitsara a gaba.
- Yaro ya ci abinci kafin ya sha maganin.
- A hana yara fitsari a cikin rafi.
- A tafasa ruwan wanka, ko a ajiye shi kwana 2 kafin amfani.