Mawaƙan da Rediyo Ta Ɗauka da Waɗanda Ta Bari a Baya

Ka tambayi duk wanda ya haura shekara hamsin ya lissafa maka mawaƙan da yake so na da, kusan amsa ɗaya za ka ji: Shata, Ɗanƙwairo, Narambaɗa, Ɗanmaraya, Barmani Choge. Sun cancanta, babu mai ja. Sai dai a lokacin da waɗannan suke tashe, kowane gari yana da sarkin makaɗansa, kowace sana'a tana da mai yi mata kiɗa. Yaya aka yi sunaye kaɗan suka rage a bakinmu? Amsar tana cikin tarihin na'urar ɗaukar murya, da wanda Allah ya ba sa'ar isa gabanta.

Kafin zuwan na'ura, waƙa tana zaune ne inda aka yi ta. Fada tana da tambari da kotso da taushi, mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma, 'yan tauri da mafarauta suna da talle. Makaɗi yana da ubangida, kuma galibi gado ya yi. Ma'ajiyar waƙoƙinsa ita ce kan 'yan amshinsa da na 'ya'yansa. Idan ya rasu bai bar magaji ba, ko sarautar da yake yi wa kiɗa ta koma wani gida, waƙoƙin sukan bi shi cikin 'yan shekaru. Haka ƙarnuka suka shuɗe.

Garmaho ne ya fara sauya wannan a zamanin Turawa, amma faifansa 'yan mintoci yake ɗauka, kuma sai mai hali yake mallakarsa. Babban juyi rediyo ce ta kawo shi. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Nijar ta samu gidan rediyonta a 1958, sannan a 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna. Wannan tasha ta Kaduna ana kama ta nesa ƙwarai, har a ƙetaren iyaka. Ta haka mutumin Damagaram da na zangon Kumasi suka soma jin murya ɗaya a dare ɗaya, kuma shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka suka ba mai sauraro damar aiko da wasiƙa ya nemi waƙar da yake so. Waƙar da aka nema ana sake sa ta, wadda aka sake sawa ita ake ƙara nema. Abin da muke kira waƙoƙin da kowa ya sani, a nan aka haife shi.

Amma wa yake zuwa Kaduna? Makaɗin babban sarki yana zuwa cikin tawagar ubangidansa. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, waƙoƙin da ya yi wa Sardauna da sarakuna sun buɗe masa ƙofar kowace tasha. Mamman Shata, haifaffen Musawa a 1923, bai ɗaure kansa ga fada ɗaya ba. Ya yi yawo da kalangunsa birni da ƙauye, ya yi wa attajiri da direba da ɗan siyasa waƙa, kamfanin EMI ya buga faya-fayansa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ibrahim Narambaɗa kuwa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, na'ura ta riske shi ne a ƙarshen rayuwarsa. Abin da muke ji nasa a yau ɗan guntu ne daga kiɗan shekaru masu yawa, kuma da wannan guntun ne masana suke sa shi a sahun farko. Ina yawan tunanin takwarorinsa da suka riga shi rasuwa da shekara goma kacal, waɗanda ko baiti ɗaya ba mu da shi da muryarsu.

Kaset ya zo da sauƙi. A shekarun 1970, musamman bayan kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun shiga hannun ma'aikata, rikoda ta shiga gidaje da shaguna da motocin haya. Mai rikoda yakan ajiye ta gaban makaɗi a wurin biki ko filin dambe ya danna, 'yan kaset a kasuwa su kwafa su sayar. A wannan zamani ne masu kukuma irin su Ibrahim Na Habu, Ali Makaho, Ahmadu Doka da Hassan Wayam suka cika tashoshin mota, gurmin Haruna Uji na Haɗejiya ya kama zukatan matasa, waƙar da Ɗan'anace ya yi wa ɗan dambe Shago ta isa kunnen wanda bai taɓa ganin dambe ba, kirarin Kassu Zurmi ya fito daga dajin Zamfara zuwa birane. Kaset ya ceci muryoyi da yawa. Illarsa ita ce bai ceci bayani ba. A bayansa da biro ake rubuta sunan mawaƙi, wani lokaci da sunan waƙa ɗaya, shi ke nan. Babu shekara, babu gari, babu sunan wanda ya riƙe kalangu.

Nan ne rashin adalcin ya fi yi mini ciwo. Bahaushe magana yake saurare a waƙa, don haka jagora shi ne ke kwashe suna. Amma ka kasa kunne ga kowace waƙar Ɗanƙwairo, za ka ji 'yan amshi ne suke ɗauke da rabin aikin: su karɓi ɗan waƙa, su ƙarasa shi, su riƙe gindi har jagora ya numfasa ya ƙulla wani. Shata kuma a kan kalangun mutanensa yake tafiya kamar mahayi a kan ingarma. Mutum nawa ne cikin masu son waɗannan waƙoƙi zai iya kawo sunan uku daga cikin 'yan amshin da makaɗan nan?

Mata sun fi kowa asara. Kiɗan amada na ƙwarya, waƙoƙin daka da niƙa da na reno, duk a cikin gida ake yin su, inda ma'aikacin rediyo namiji ba ya shiga. Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, da Uwaliya Mai Amada sun fito fili an ɗauke su. Zabiyoyin da suka raya bukukuwan iyayenmu mata a unguwanni da ƙauyuka, sai dai a tuna su da baki.

Masana sun yi abin da za su iya. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a 1975. Sa'idu Muhammad Gusau ya bi makaɗa gari-gari ya tattara tarihinsu a littafin Makaɗa da Mawaƙan Hausa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka rubuta Shata Ikon Allah, Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi a kan Narambaɗa. Ba don irin wannan aiki ba, da wasu sunayen sun ɓace tun tuni.

Daga 1990, da fina-finan bidiyo na Kano suka kankama, fiyano ya soma ture kalangu da kukuma daga kasuwa. Shagunan kaset suka koma sidi, daga baya suka koma tura waƙa a waya. Masu turawa abin da ake nema suke kwafa, watau sunayen nan biyar ko goma. Sauran kasa-kasan suna cikin buhuna da akwatuna, zafi da damshi suna cin zarensu, domin tef ba abu ne mai daɗewa ba.

Har yanzu akwai tsofaffin 'yan amshi da makaɗa a raye a Maradun, Isa, Funtuwa, Haɗejiya, Maraɗi da sauran garuruwa, kuma kusan kowa yana da na'urar ɗaukar murya a aljihunsa. Mai karatu, idan akwai tsohon kaset a gidanku, ka sa a juye shi zuwa kwamfuta kafin ya lalace. Idan akwai tsohon makaɗi ko zabiya a garinku, ka je ka gaishe su, ka ɗauki waƙarsu da izininsu, ka rubuta sunansu da na waɗanda suka yi kiɗa tare da su, da garin da shekarar.