Jerin tayar da kwamfuta: abin da ya kamata a sani kafin ɗora sabuwar babbar manhaja

Idan aka kunna kwamfuta, ba Windows ko Linux ne ke fara farkawa ba. Wata ƙaramar manhaja ce da ke dashe a jikin na'urar take fara duba lafiyar kayan ciki, sannan ta bi wani jeri da aka tsara mata: ma'adanar cikin kwamfuta, filash, faifan DVD ko hanyar sadarwa. Duk wanda ta fara tararwa ɗauke da abin tayarwa, shi take miƙa wa ragama. Shi ya sa mutum kan soka filash mai ɗauke da sabuwar Windows, amma kwamfutar ta yi biris da shi ta buɗe tsohuwar.

Daga BIOS zuwa UEFI

Tsohuwar wannan manhaja ita ce BIOS, wadda ta yaɗu tare da kwamfutar IBM ta 1981. A yau UEFI ce ta gaje ta. Bambancin na da muhimmanci, domin Windows 11 da ta fito a 2021 tana buƙatar UEFI da kariyar TPM 2.0. Tun da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoban 2025, masu sauya manhaja na yawan karo da wannan sharaɗi.

Hanyoyi biyu

Hanya ta farko ita ce zaɓin wucin gadi. Da zarar an kunna kwamfutar, sai a riƙa danna F12 a Dell da Lenovo, ko Esc sannan F9 a HP. Jeri zai bayyana, a zaɓi filash. Zaɓin na wannan tashin ne kaɗai.

Ta biyu ita ce sauya jerin dungurungum a shafin saiti: F2 a Dell da Acer, F10 a HP. A nemi sashen da aka rubuta wa Boot, a ɗaga filash zuwa sahun farko, a adana sauyin kafin a fita.

Hanya ta farko ta fi aminci. Yayin ɗora manhaja kwamfuta kan sake tashi fiye da sau ɗaya, kuma idan filash ne a sahun farko, tana iya komawa farkon aikin. Wanda ya bi hanya ta biyu ya cire filash ɗin a sake-tashin farko.

Inda ake tuntuɓe

Filash guda kan fito sau biyu a jeri, ɗaya da alamar UEFI, ɗaya babu. A zaɓi mai alamar, domin ɗayan na ɗora manhaja bisa tsohon tsarin MBR, wanda ba ya iya amfani da abin da ya haura terabayit 2 a yawancin ma'adanai. Idan filash bai fito ba sam, wataƙila ba a shirya shi daidai ba, ko kariyar Secure Boot ta ƙi amincewa da shi. Idan kuma saiti da agogo suna ɓacewa bayan an kashe na'urar, ƙaramin batirin ciki, galibi CR2032, ya mutu.

Sauya jerin ba ya goge komai. Haɗarin yana mataki na gaba, inda ake zaɓen ɓangaren ma'adanar da za a share. A kwafe muhimman takardu da hotuna zuwa wani wuri kafin a fara.